Kwalbar da Na Shanya a Taga

Abin da na fara sani a ƙasar Indiya benci ne. Bencin ƙarfe a bakin ƙofar filin jirgin Dilli, inda muka zauna ni da 'yata Ummi tun hantsi har la'asar ta gota, muna jiran mutumin da aka ce zai tarye mu.

Sunana Hajara. Kuku ce ni a wani gida a Nasarawa GRA, shekara goma sha tara ina riƙe da tukunyar gidan. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda na yi da girmana a Kaura Goje, don haka a yi haƙuri da rubutun. Ummi 'yar fari ce, ba na kama sunanta na yanka, shekarunta ashirin da uku lokacin. Hajiyar da nake wa aiki ita da maigidanta suka ɗauki nauyin tafiyarmu, Allah ya saka musu da alheri, don a gano ciwon da ya shekara shida yana kayar da yarinyar nan.

Ciwon ciki ne, amma ba irin wanda aka sani ba. Yakan zo sau uku ko huɗu a shekara, ya murɗe ta kamar ana matse wanki, ta yi ta amai, wani lokaci har ta daina gane mutane. Sau biyu ana yi mata aiki a Kano, ba a ga komai ba. An ce olsa, an ce shawara, an ce iska. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. In ya tafi sai ta miƙe garau ta koma kan keken ɗinkinta, har wasu su ce raki ne.

Abu ɗaya na gano da kaina. In ciwon ya zo, fitsarinta in ya sha rana sai ya koma kamar zoɓo. Wata rana ce na manta da fon da ta yi fitsari a ciki a bayan kicin na dawo na tarar da shi haka. Tun daga nan, in za mu asibiti sai na tara a kwalba na shanya tukuna. Domin na gwada na gani: in na kai shi fari, sai a rubuta mana maganin olsa a ce mu je gida. In na kai shi ja, sai likita ya gyara zama, a ba mu gado. Shekara shida rana ce kaɗai take tsaya mini shaida.

Wata likita ƙawar Hajiya ce ta ga kwalbar, ta ce tana zargin wani ciwo na jini wanda ba a cika gani ba. Ta ce yana da magani, amma ba mai ba da shi sai da takardar gwaji mai ɗauke da sunan ciwon, kuma wasu magungunan da ake ɗura mata ƙara tayar da shi suke yi. “Ku samo takarda mai suna,” in ji ta. “In ba haka ba, wata rana za a sake yanka ta.” Takardar nan muka je nema, da bizar kwana talatin.

Mutumin da muke jira ya iso yana share gumi. Alhaji Tanimu sunansa, ɗan Kano ne da ya daɗe a can yana aikin ejan, wato mai haɗa marasa lafiya da asibiti.

“Hajiya, a yi haƙuri, go-silo ne.”

Na ce, “Ni ba Hajiya ba ce, Alhaji, ban je ba tukuna.”

“Ai kin hau jirgi, kin zama.”

Yana dariya idonsa yana kan jakarmu mai layi-layi da na ɗaure da igiya. Ina gani ya gama auna mu. Daga nan bai sake ce mini Hajiya ba, sai Mama.

Masaukin da ya kai mu ba shi ne wanda ya tura wa Hajiya hotonsa a waya ba. Ummi ta faɗa masa. Ya ce wancan ya cika, wannan ma ya fi kusa da asibiti. Ɗaki ne a hawa na huɗu, ba lifta, tagarsa tana kallon bangon wani gida, in ka miƙa hannu ka taɓa shi. Ya ajiye mu ya ce gobe da safe yana tafe. Sai jibi da yamma ya zo.

A kwanakin nan na san kewa. Ni da na saba da unguwar da in ka yi shiru sai ka ji faɗuwar mangwaro a gidan maƙwabta, sai ga ni a inda ham ɗin mota ba ya tsayawa. Kiran salla ma sai na kasa kunne sosai nake jiyo shi daga nesa. Nakan tuna da ɗakinmu na bikiyu, ɓangaren 'yan aiki a bayan gida, da inuwar dalbejiyar bakin get, da ƙarar tsintsiyar mai shara da sassafe. Abincinsu kuwa ni na iya haɗiyewa, Ummi ta kasa. Komai da wani ƙamshi mai hawa ka. Na taho da kuka da daddawa, amma garin da zan yi tuwo na rasa, kuma ban san yadda zan tambaya ba.

A kicin ɗin haɗaka na masaukin na haɗu da Bibi. 'Yar Afganistan ce, dattijuwa, tana jinyar mijinta. Ba na jin nata, ba ta jin nawa, abin da ya haɗa mu sallama da bisimilla. Ta ga ina jujjuya ƙullin kuka, ta karɓa ta sansana, ta yamutsa fuska, muka yi dariya. Sai ta yago rabin gurasarta mai faɗi kamar faifai ta ɗora mini a hannu. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da gurasa mai zafi.

Ranar da Alhaji Tanimu ya kai mu asibiti, likitan da muka gani tsoho ne mai rawani da farin gemu. Na zaci malami ne, har na rusuna. Ya duba tabon aikin da ke cikin Ummi ya girgiza kai. Ummi ta yi sakandare, tana jin Turanci, sai dai nasu da sauri yake fita, tana tsinta ne ɗaya-ɗaya. Abin da ta tsinto mini shi ne: gwajin nan sai ciwon yana jiki ake yin sa. In ya tashi, mu zo da gudu.

Na ce, “In bai tashi ba fa har kwanakinmu suka ƙare?”

Alhaji Tanimu yana danna waya ya ce, “Mama, ki bar wa Allah.”

Kwananmu shida ciwon ya tashi. Wahalar hanya da rashin cin abinci ina jin su suka kira shi. Bayan sallar asuba ta fara riƙe ciki, kafin rana ta fito tana birgima. Na kira Alhaji Tanimu sau bakwai, wayar tana shiga ba a ɗauka. Daga baya na ji ya tafi taryar iyalin wani babban mutum. Bibi ce ta kama mini ita muka sauko da ita bene huɗu, ta tare mana adaidaita sahu irin tasu, ta yi wa direban tsawa da yarenta wanda shi ma ba ji yake ba, ya dai ja.

A teburin karɓar marasa lafiya aka tambaye ni suna. Wannan kalmar na gane ta. Na ce Ummi. Matar da ke teburin ta duba fasfo ta girgiza kai, ta sake tambaya. Yarinya tana nan a kan gadon da ake tura marasa lafiya ba ta san inda take ba. Na sunkuyar da kai na ce, “Maryam.” Shekara ashirin da uku ban faɗe shi da bakina ba sai a gaban baƙuwa.

Aka ba mu gado a hawa na uku, kusa da taga. Aka sa mata ƙarin ruwa. Wata nas ta kawo mini kwalba a naɗe da foyil, irin wanda nake rufe kaza da shi in zan sa a obin. Ta yi mini bayani mai tsawo, ta nuna Ummi, ta nuna banɗaki, ta nuna kwalbar. Na ce to. Na gane fitsari ake so. Foyil ɗin kuwa a raina na ce mutanen nan akwai kunya, ba sa son a riƙa ratsa mutane da fitsari a fili. Har suka burge ni.

Na tara. Na ɗan buɗe foyil ɗin na leƙa, sai na gan shi fari tas kamar na mai lafiya. Na ce yanzu in miƙa wannan, su duba su ce babu komai, mun ƙetare teku a banza? Ba ni da bakin da zan gaya musu abin da na sani. Ejan ba ya nan, yarinya ba ta cikin hayyacinta. Sai na yi abin da na saba. Na kware foyil ɗin a hankali don kada ya yage, na ɗaga labule, na ajiye kwalbar a dakalin taga ta bayan labulen, inda rana take dukan gilashi.

Ranar Dilli ba ta wasa. Sau biyu nas ɗin tana zuwa tana nuna hannu, ina kwalba? Ni kuma in nuna mata Ummi, in yi alamar tukuna. Sai bayan azahar na ɗauko. Ya yi ja har ya fi na gida, kamar zoɓon da aka manta a wuta. Na mayar da foyil ɗin na lailaye shi sumul, sana'ata ce, ba wanda zai ce an taɓa. Na miƙa mata da hannu biyu. Tun da muka sauka a ƙasar nan ban ji na yi wa 'yata wani abin kirki ba sai ranar.

Gwajin sau ɗaya suke yin sa a mako, sai sun tara. Kafin ranar ta zagayo, ciwon ya lafa, an sallame mu, Ummi har ta fara tsokanata wai na fi Bibi iya surutun kurame. Ran nan muka je karɓar sakamako sai aka ce ana neman mu a ƙasa, a ɗakin gwaje-gwaje.

Ɗaki ne mai sanyi, an saki labule masu kauri, fitilarsa rawaya-rawaya kamar ta aci-balbal. Matar da ke wurin za ta yi sa'ata, da furfura a kitsonta da ɗigon ja a goshi. Ta ba mu kujeru. Ta yi wa Ummi magana a hankali, kalma-kalma. Ina kallon fuskar Ummi sai na ga ta canza.

“Me ta ce?”

“Inna, da kika tara fitsarin nan, a ina kika ajiye shi?”

Na ce, “A taga mana. Ki gaya mata ni na shanya shi, don su gani da kyau. Ki ce mata haka yake yi tun a gida.”

Ummi ba ta fassara ba. Ta zuba mini ido kawai. Matar ta dube ta, ta dube ni, na ga ta gane ba sai an faɗa ba. Ta dafe goshi.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta kama hannuna ta kai ni gaban wata na'ura da ke kan tebur, girmanta bai kai obin ɗin Hajiya ba. Daga baya ta rubuta mini sunanta a takarda, na yi kwana uku ina haɗa baƙaƙen: sifektirofotomita. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu, ba ta kai ɗan yatsana ba. Ta zuba ruwan gwaji, ta ɗiga wani magani, ya ɗan yi ruwan hoda. Ta sa a cikin na'urar ta rufe murfi, ta danna, lamba ta fito a gilashi. Tana yi tana magana, Ummi tana juya mini da muryar da ba ta fita sosai.

“Ta ce na'urar ba ta da ido irin namu. Haske take harbawa ta cikin ruwan, ta auna wanda ya shiga da wanda ya fita. Abin da ruwan ya shanye shi ne lambar. Ta ce abin da suke nema a fitsarin, haske dafa shi yake yi, ya koma wani abu daban. Jan da kike gani, Inna, ta ce tokarsa ce. Ba a auna itace bayan ya zama toka.”

Na ce, “To ai ita ma na'urar da haske take aiki.”

Matar ta yi ɗan murmushi da aka gaya mata. Ta haɗa yatsu biyu ta nuna mini siriri.

“Ta ce nata hasken zare ɗaya ne, na ƙiftawar ido, kuma sun san ƙarfinsa. Naki kuwa rana guda ce sukutum.”

Ta ce tun da ta buɗe kwalbarmu ta ga launin ta san an taɓa, lambar da ta fito kuma ba za ta iya sa mata hannu ba. Foyil ɗin da na ɗauka na kunya ne, ashe shi ne rabin gwajin.

Aka sake karɓar wani fitsarin a ranar, aka yi komai a duhu. Muka jira mako. Lambar ta fito a kan iyaka, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, domin ciwon ya riga ya koma ya kwanta. Likita mai rawani ya ce shi a ransa ya san ko mene ne, amma ba zai rubuta abin da na'ura ba ta faɗa ba, kuma ba a fitar da maganin da zato. Ya ce mu jira wani tashin. Kafin nan ya ja mata kunne: kada ta zauna da yunwa, kada ta yi azumi, yunwa tana cikin manyan abin da ke tayar da shi.

Saura kwana tara. Ciwon da yake yin wata uku, wata huɗu kafin ya dawo.

Da muka fito Ummi ta yi gaba, ina biye da ita. A adaidaita ma kowa gefensa yake kallo. Sai a kan bene, hawa na biyu, ta tsaya tana haki ta ce, “Inna, ba ki sani ba ne.” Shi ke nan abin da ta taɓa faɗa a kan maganar har yau.

Hajiya ta kira da yamma.

“Hajara, ya jikin Ummi? Me likita ya ce?”

“Da sauƙi, Hajiya. Ana nan ana dubawa.”

“To madalla. Ki yi ki dawo, wadda ta riƙe miki kicin sau biyu tana ƙona mini miya. Alhaji ya ce in ba ki dawo ba shi ma Indiyan zai biyo ki.”

Na yi dariya yadda ya kamata. Maganar taga kuwa na ɓoye ta. Mutanen da suka yi mana wannan ɗawainiya, da wane baki zan ce na zubar da ita da hannuna, a sake wata?

Washegari na samu Alhaji Tanimu a harabar asibiti yana rakiyar wasu masu manyan riguna. Na jira har ya gama. Na roƙe shi ko za a ƙara mana kwanaki.

“Mama, ke ma dai. Asibiti ne yake rubuta takardar ƙarin kwana, kuma ba ya rubuta wa mutumin da yake yawo da ƙafarsa. Ki dube ta, ai ta fi ni lafiya. Ku je gida, in ya tashi kwa dawo.”

“Mu dawo da me, Alhaji?”

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Ummi tana tsaye a bayana, ta ji komai.

Da asuba na farka na gan ta zaune tana kurɓar ruwa. Da rana ta fito na dama kunu da ɗan garin da Bibi ta samo mini, na miƙa mata. Ta ce, “Azumi nake, Inna.”

“Wane irin azumi?”

“Ramuwa. Kin san na bara ma ban rama ba, ga na bana.”

“Ba ki ji abin da likita ya ce ba?”

“Na ji. Ai ni na fassara miki.”

Na ajiye kofin. Na ce, “Ummi, kada ki yi mini haka.”

“To ki faɗa mini wata hanyar, in bi.” Ta ɗaga rigarta ta nuna mini tabon nan biyu. “In muka koma hannu biyu, na uku a ina za su tsaga? Na gaji da a riƙa karanta mini ayoyi a ka ana cewa in fita. Ni ce a ciki, Inna, ba kowa.”

Ni ba mai faɗa ba ce, ko 'ya'yan Hajiya da na raina ban taɓa ɗaga wa murya ba. Kuma wa ya kai mu nan in ba ni ba?

Da magariba ta sha ruwa da dabino ɗaya, ta ture kwanon. Haka washegari. Ina dafawa, ina ajiyewa a gabanta, yana hucewa, ina ɗaukewa. Bibi ta lura. Ta zo da romo a kwano da gurasa, ta zauna a bakin gado tana nuna wa Ummi baki, tana yi mata faɗa da yarensu. Ummi ta ɗaga hannu sama ta ce, “Ramadan, Bibi, ramuwa.” Bibi ta juyo ta dube ni, kallon uwa da uwa. Na kawar da kai.

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami. Rana ta uku ban ɗora tukunya ba. Ba wanda ya hana ni. Na zauna a kan sallaya na ɗaga hannu, na rasa abin da zan roƙa. Shekara shida ina cewa Allah ka raba ta da ciwon nan. Ran nan sai na ji bakina yana cewa Allah ka kawo shi da sauƙi. Da Bibi ta ƙwanƙwasa da hantsi, muna ciki mu biyu, ba wanda ya motsa har ta gaji ta tafi.

Rana ta biyar da walaha ciwon ya zo, kuma bai zo da sauƙi ba. Ban taɓa ganin irinsa ba. Wannan karon ban nemi ejan ba. Matar ɗakin gwaji ta riga ta ba ni wata kwalba mai duhu kamar ta maganin tari, a naɗe. Na rufe ƙofar banɗaki, na kashe fitila, na tara da lalube. Na naɗe, na ƙara naɗewa da ɗankwalina, na cusa a cikin hijabi na manna da cikina. Bibi, duk da abin da na yi mata, ita ta sake kama mini ita muka sauka.

Da aka karɓi Ummi, ban jira nas ba. Na gangara ƙasa da kaina ina tafe ina rakuɓewa daga tagogi kamar mai ɗauke da kayan sata. Matar ta gan ni ta miƙe. Ta ja labulen da kyau kafin na fito da ita. Ta duba, ta ga shi fari, ta gyaɗa kai. Ba ta jira ranar tarawa ba, a take ta kunna na'urar. Ta bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Na ga ta ɗiga maganin, ruwan ya rine nan da nan, ja mai kyau, ba irin nawa ba. Ta sa, ta rufe, ta danna. Ban san ma'anar lambar ba, amma na ga ta sake surka shi da ruwa ta sake aunawa, sannan ta juyo ta dafa ƙirjinta.

Aka fito da maganin, wani baƙin ruwa da ake sawa ta jijiya. Kwana biyu ciwon cikin ya sake ta. Asibiti ya rubuta takardar ƙarin kwana ba tare da mun roƙa ba, Hajiya ta sa aka ɗaga mana tikiti.

Safiya ta uku na miƙa mata kofin shayi, ya zame ya faɗi. Na ce ko barci ne bai sake ta ba. Ta ce, “Inna, hannuna ba ya jin magana.” Kafin yamma ƙafafun ma sun bi.

Likita mai rawani ya zo ya bubbuga mata gwiwa da 'yar gudumarsa, ya daɗe yana yi. Ya ce in tashin ya yi tsanani yakan taɓa jijiyoyi. Sannan ya tambaya, kwanakin nan tana cin abinci kuwa? Ummi ta fassara mini tambayar, ban san dalili ba, sannan ta ba shi amsa da kanta. Na ce me kika ce masa? Ta ce, “Na ce abincin ƙasarsu ne ba ya shiga.” Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe.

Matar ɗakin gwaji da kanta ta hawo da takardar. Ta miƙa wa Ummi tana murmushi, sai ta ga hannuwan a kwance a kan bargo. Murmushin ya tsaya. Ni na karɓa. Na bi layin da ta nuna mini da yatsa, na haɗa baƙaƙen a hankali: fofiriya. Sunan ke nan. Gajere ne ma.

Mun ƙara mako uku. Ranar tafiya Bibi ta rako mu har bakin titi, ta cusa mini gurasa a jaka, ta sumbaci Ummi a goshi. Alhaji Tanimu ya turo saƙo a waya, wai Allah ya kiyaye hanya, mu gaishe masa da Hajiya. A keken guragu aka tura ta har ƙofar jirgi.

Da motar gidan ta shiga get, Hajiya tana tsaye a baranda. Na riga na gaya mata a waya, amma ji daban gani daban. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa, ta ce, “Alhamdulillahi, an samo abin da aka je nema.” Sai ta dubi direba da maigadi suna cicciɓo Ummi daga mota, ta rage murya. “Amma Hajara, yarinyar nan da ƙafarta ta tafi.”

Na buɗe baki. Ummi ta riga ni.

“Ciwon ne, Hajiya. Haka yake yi.”

Yau wata huɗu. Takardar tana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Duk asibitin da muka shiga da ita, likita yakan karanta ya ajiye alƙalami ya sake tunani, kuma ba wanda ya ƙara maganar wuƙa ko iska. An ce jijiyoyi suna dawowa, wani wata shida, wani shekara, wani ba duka ba. Yatsunta biyu na dama sun fara motsi.

Kullum in na gama karin kumallon gidan, sai in zagaya baya da kwanon kunu da ƙosai, in tayar da ita in jingina ta da filo, in riƙa ba ta a baki. Ba ta da ci sosai. In an yi rabi sai ta kawar da kai ta ce, “Inna, ya isa.”

Sai in ce to, in sake cika cokalin.